Tekun da Zara'u Ta Zana a Fatar Sa

Shafi na 11

Kafin mu shiga, godiya ta musamman ga duk wanda ya tambayi jikina a kwanakin da na yi shiru. Na ji sauƙi, alhamdulillahi. Masu cewa na bar Zara'u da hannu cikin shuni na tafi yawona kuma, na ji ku, ban ce komai ba. Ga ta nan inda muka bar ta a garin Kona, a zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, mutum ya tafi da baƙin gemu ya dawo da furfura.

*

Hantsi ya fito, Zara'u na durƙushe a bayan rumbu, gaban fatar san da ta kafe a bango.

Kasake uku ne a gabanta. Ɗaya shuni, ɗaya farar ƙasa, ɗaya baƙin gindin tukunya, duk ta niƙe su luƙui ta kwaɓa da man gujiya. Mutanen Kano ku ce gyaɗa, ba mu hana ku ba. Abin shafawar kuwa asawaki ne da ta tattaune bakinsa har ya yi laushi.

Teku take zanawa, da farin wata a samansa. Ita da ko tabkin da zai gagari saniya tsallakewa ba ta taɓa gani ba.

Ba don sha'awa ta fara ba. Tun ranar da aka ji ayarin masu zuwa gabas ya sauka a Tasawa, kuma zai biyo ta Kona, uwarta Inna Hajjo ta ɗaure kayanta ta ajiye bakin ƙofa. Tsohuwar da in ta je rijiya sai ta zauna a hanya ta huta, ita ce ke cewa za ta bi ayari. Ta riga ta sauke farali tun tana da ƙuruciya, don haka ba wanda ya gane abin da take nema. In an matsa mata sai ta ce, "Ruwan nan nike son in sake gani, da wata bisanshi."

Kowa a gidan ya san in ta fita ko Damagaram ba za ta kai ba. Zara'u ta yi kuka, ta yi roƙo, ta turo liman, duk a banza. Shi ne ta ce a ranta, to in dai ruwa da wata ne, bari a kawo mata su har gida.

Nan wahala ta soma. Ta kwaɓa launin da ruwa, ya bushe ya yi toka-toka. Ta sa ƙaro, ya tsattsage. Sai da ta gwada mai sannan ta samu sheƙin da Inna ke ba da labari, amma man gujiya ba ya bushewa, kullum da safe sai ta zauna tsince ƙudaje da kiyashi daga cikin tekunta. Na farkon da ta yi ma har gaɓa ta kewaye shi da ita, da iccen gawo a gefe. Da ta yi wa Inna tambaya cikin dabara ta ji wai ruwan ba shi da tsallake, sama ce kawai ke saukowa ta taɓa shi, sai ta goge ta sake.

Jiya ta yi ƙarfin hali ta kamo hannun tsohuwar ta kawo ta gaban fatar. Wata ɗaya a sama, kewayayye. Wani ɗaya a cikin ruwan, shi ma kewayayye, yadda Zara'u ta saba ganinsa in ta leƙa rijiya.

Inna Hajjo ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa kan 'yarta ta ce, "Allah shi yi maki albarka, Zara'u, kin sha wahala. Amma wagga rijiya ce."

Ta juya ta koma wajen ƙunshinta. Yau kuma ayari ke tashi, da zarar rana ta yi sanyi.

Shi ya sa tun da ta gama sallar asuba Zara'u take nan tana ƙara wa watan ƙasa fari. Ba ta san inda kuskuren yake ba. Ta ɗauka haske ne bai isa ba, sai laftawa take yi har ya yi tudu.

"Zara'u."

Mijinta Jatau ne. Daga jin yadda ya kira sunan ta san da magana a bakinsa.

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce ba tare da ta ajiye asawakin ba.

"Kin san abin da anka ce mani yanzu bakin masallaci?"

"Sai ka hwaɗa."

"Na Allah mahauci ya ce a gaban kowa, wai matata ta shiga bori. Wai kin rataye hwata mai ido biyu kina ba ta mai kullum sahe."

"Ido biyu kuma?"

"To diba mana. Ga guda bisa, ga guda ƙasa. In ba ido ba mi ne ne?"

Zara'u ta duba. Gaskiya dai ɗaya ce, in mutum ya karkata kansa, abin ya yi kama da wata halitta da ta kwanta a gefe ta zuba masa ido. Da wata rana ce da ta yi dariya, amma yau ba ta da ita.

"Wata ne, maigida. Liman da kanshi ya ce tunda babu abu mai rai ciki, babu laihi."

"Liman ba shi zama kasuwa. Ni ke zama."

"Yau ɗai ta rage. Ka yi mani haƙurin yau."

"Haƙuri nike yi tun da anka yanke gero. Man da za a ci tuwo da shi ya ƙare a bango. Yara na tambayata ko uwarsu lahiya. Ni kaina na soma tambaya."

"Inna za ta tahi." Ta juyo ta dube shi. "In ta hita garin ga ba ta dawowa, kai ma ka sani. Wanga shi ne abin da ya rage mani in yi."

Jatau ba mugu ba ne, kada ku soma zaginsa. Shi ma ya roƙi surukarsa har ya gaji. Mutum ne dai da aka yi wa dariya a gaban jama'a, ya dawo gida da abin yana cinsa.

"Ta gani jiya," ya ce. "Mi ta ce?"

Zara'u ta ci gaba da shafa wa watan fari.

"Na ji da kunnena. Ta ce rijiya. To mi kike ƙarawa? Tashi ki je ki zamna da ita, ki yi mata hura, ki biɗi gahara tun tana nan. Wanga shirme ya isa."

"Ba ni tashi."

"Zara'u."

"Wallahi ba ni tashi sai ya yi daidai."

Abin da ya ƙule shi ke nan. Ya tako, ya ɗora tafin hannunsa a kan watan nan na ƙasa da take ta laftawa tun asuba, ya ja shi da ƙarfi har gindin fatar.

Farar ƙasar da ba ta bushe ba ta bi hannunsa. Hannun manomi ne, duk kaushi da faso, don haka bai share sumul ba. Ya bar fari a gutsuttsure, wani wuri da kauri, wani wuri siriri, shuni na leƙowa a tsakani, tun daga inda sama ta taɓa ruwa har ƙasa.

Zara'u ta saki asawakin. Ba ta yi ihu ba, zama kawai ta yi daɓas, hawaye na bin fuskarta. Aikin da ta yi ta fama da shi tun kaka ya tafi a jan hannu ɗaya.

Shi kuwa Jatau nan take jikinsa ya yi sanyi. Ya dubi tafinsa, ya dubi matarsa, ya rasa inda zai sa hannun.

Sai suka ji ƙarar sanda a bayansu.

Inna Hajjo ce, hayaniyar ta fito da ita. Jatau ya yi maza ya durƙusa ya sunkuyar da kai, don an kama shi yana ɗaga murya a gaban suruka, abin da bai taɓa yi ba. Amma tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan bango.

Ta matso. Ta ƙara matsowa. Sannan ta ja da baya, ta lalubi turmin da ke kife ta zauna.

"Wa ya yi wanga?"

Jatau ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce wa ya yi wanga?"

"Ni ne, Inna," in ji Jatau, kansa a ƙasa. "A yi mani aikin gahara. Zuciya ce ta ɗebe ni."

"Ka taɓa zuwa gabas?"

"A'a, Inna. Iyakata kasuwar Kanan-Bakashe."

"To wa ya gaya maka haka yake?"

Zara'u ta ɗago kai. "Inna, mi kike cewa?"

"Haka yake." Tsohuwar ta nuna fatar da sanda. "Wata ba shi zama cikin ruwan nan kamar cikin rijiya. Ruwan ba shi tsayawa, balle shi riƙe shi. Hanya yake shimhiɗawa, tun daga ƙarshen duniya har gabanka. Duk inda jirgi ya juya tana biye da kai."

Zara'u ta juya ta sake kallon fatar, kamar yau ta fara ganinta. Idon da Na Allah ke yi wa dariya ya ɓace. Wata ɗaya ne a sama, ga hanya ta haske ta taso daga nesa tana karyewa a kan ruwa.

"Ki yi haƙuri ban gaya maki jiya ba," in ji Inna Hajjo. "Ban san yadda ake hwaɗin shi da baki ba. Ɗauki iccenki. Can nesa ki matse ta. Nan kusa ki buɗa ta."

Zara'u ta ɗauki asawakin, ta goge shi da gefen zane, ta tsoma a shuni.

"Nan, Inna?"

"Ƙara sama. Yawwa. Kada ki yi mata baki miƙaƙƙe, ba kunyar gona ba ce. Ki ɗan ci ta daga gehe."

"Haka?"

"Haka. Yanzu baƙi. Ruwan da ke nesa da hanyar ya hi haka duhu, kin yi shi kamar rigar ango."

Zara'u ta yi dariya cikin hawaye, ta ƙara baƙin tukunya. Tsohuwa na nunawa da bakin sanda, ita tana bi. Wani wurin ta ɓata, ta goge da yatsa, gogewar ta fi zanen kyau. Jatau na nan durƙushe da hannunsa a buɗe, yana kallonsu.

Can Zara'u ta juyo gare shi.

"Maigida, na gode."

"Kada ki ba ni kunya. Ɓatawa na yi niyya."

"Na sani. Na gode dai."

Ya kawar da kai, amma an ga kunnensa ya motsa, alamar murmushin da yake ɓoyewa.

Zara'u ta ja numfashi. Zuciyarta ta yi fari tas, don tun da aka fara maganar ayari ba ta ga fuskar Inna ta saki haka ba. Ta ce a ranta, shi ke nan, Allah ya yi, tsohuwa ta ga abinta.

"Inna, in sa jirgin? Ina zan sa shi?"

"Ba a sa shi. Jirgin nan yake inda muke zamne."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta je jikin bango. Ta ɗaga yatsa ta nuna wani wuri a gefen hanyar hasken, kusa da ƙasa, ba ta taɓa ba.

"Nan ne."

"Mi ke nan, Inna?"

"Nan anka saka ta."

"Wa?"

"Uwarki."

Zara'u ta ɗauka kunnenta ne. Ta dubi Jatau, ta ga shi ma ya ɗago ido. Ya yunƙura zai ba su wuri, tsohuwar ta ɗaga masa hannu.

"Zamna. Kai ke riƙe da ita yanzu, ya kamata ka san abin da kake riƙo."

"Inna, ba ke ce uwata ba?"

"Ni na goya ki. Ba ni na haihe ki ba."

Ta koma kan turmin. Zara'u ta rarrafo ta zauna a gabanta, hannuwanta duk shuni, ba ta ma sani ba ta kama gefen zanen tsohuwar.

"A Jidda na gamu da ita, muna jiran jirgin komowa. Malam Wada, wanda kike cewa babanki, Allah ya riga ya yi mashi rasuwa a Makka. Ita ma mijinta ya rasu wajen, ga ta da tsohon ciki. Yarinya ce, ba ta kai ni ba. Munka ji juna muna Hausa, shi ke nan munka haɗa tukunya."

"'Yar ina ce?"

"Ta ce mani daga wani ƙauye bayan Katsina. Ban riƙe sunan ba, lokacin ban san zan bukace shi ba."

Tsohuwar ta kalli fatar.

"Muna tsakiyar ruwa naƙuda ta zo mata. Ba ungozoma, ba ruwan zahi, sai ni da wata tsohuwa da ba mu jin bakinta. Wata ya cika, shi ne hitilarmu. Kinka zo lahiya, kina ta tsala kuka. Ita jini bai tsaya mata ba."

Zara'u ta rufe baki da bayan hannu.

"Ta san tahiya za ta yi. Ta ce in ɗora ki bisa ƙirjinta, na ɗora. Ta diba ki, ta diba ki. Sannan ta ce mani, Yaya Hajjo, ga amana. Kada ki bari ta san maraici. Na ce na ɗauka. Ta ce in kin kai ta gida ta girma, ki zo ki gaya mani. Na ce in Allah ya yarda zan zo."

"Sai ta rasu?"

"Kahin gari shi waye. Masu jirgi sunka ce ba a aje gawa, ƙasa da nisa. Munka yi mata wanka yadda ya samu, munka naɗe ta cikin zanenta, maza sunka yi salla. Sunka sauke ta gehen da hasken yake. Ina riƙe da ke ina kallo har ruwan ya haɗe."

Can Zara'u ta ɗago kai.

"To mi na sha, Inna? Ke ba ki da nono."

Tsohuwar ta ɗan yi dariya. "Ke kam kin sha nonon duniya. Duk garin da munka sauka, sai in bi gida-gida ina biɗar mai goyo. In yi mata daka, in ɗebo mata ruwa, ita ta ba ki ki sha. Wasu sun ƙi, da yawa sun yarda. Wata Balarabiya ta riƙe mu har damana ta wuce, ba ta amshi komi ba. Inda babu mace, akuya. Kin taɓa ciwon da na ce shi ke nan, na zamna gindin icce ina jiran a gama, da sahe kinka buɗe ido kina jan kunnena. Da munka iso Kona kina gudu da ƙahwarki. Mutane sunka ce ga ɗiyar Wada, ni kuma ban ce a'a ba."

Abubuwa suka fara dawo wa Zara'u. A duk Kona babu uwar da ke kiran 'yarta ta fari da suna, ko ta ɗauke ta a gaban mutane, ko ta yabe ta. Kunya ce, kowa ya gada. Amma Inna Hajjo ba ta taɓa yi ba. Tun tana ƙarama a tsakiyar kasuwa za ta ƙwala mata kira, Zara'u zo nan, Zara'u kin ci abinci. Mata har gulma suke yi, wai zuwa gabas ya cire wa Hajjo kunya.

"Shi ya sa ba ki jin kunyar sunana."

"Ina zan ji kunyarshi? Sunanta ne. Ita ce Zara'u. Duk sanda na kira ki, ku biyu nike kira."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a cinyar tsohuwar tana yi kamar yarinya, tsohuwar na shafa bayanta. Ko Jatau sai da ya sa gefen riga ya share ido, ya bar farar ƙasa a kumatu bai sani ba.

Ba kukan baƙin ciki kaɗai take yi ba. Ta yi wa uwar da ba ta sani ba, amma mafi yawansa na godiya ne. Tana tuna irin rashin jin da ta yi wa matar nan, da tsiwar budurci, da ranar da ta yi fushi don an hana ta zuwa dandali. Ashe duk wannan ba dole ne aka yi haƙuri da ita ba. Mace ce ta ga jaririyar wata a tsakiyar ruwa, ta ɗauka ta goya.

"Inna, da mi zan biya ki?"

"Wa ya ce maki bashi ne?"

"Allah shi saka maki da aljanna. Allah shi haɗa ki da Annabi. Allah shi ji ƙan matan nan duka da sunka ba ni nono."

"Amin. Da akuyoyin."

Suka yi dariya su uku, hawaye bai bushe ba.

"Mi ya sa sai yau?" Zara'u ta tambaya.

"Ta ce kada ki san maraici. Yanzu kin haihu, kin yaye, kina da ɗakinki da mijinki. Maraici ba shi kama ki kuma. Da na so in tahi da maganar a cikina. Sai na hito na iske kun aje mani wurin gabana."

Zara'u ta share fuska, ta gyara zama, ta kama hannuwan tsohuwar biyu.

"To kin gani, Inna. Ga ruwan, ga watan. Zan mai da hwatar ɗakinki, ki riƙa kallo sahe da marece. Ki kwance kayan nan."

Inna Hajjo ta matse hannuwan Zara'u. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana, kamar mai lallashin yaro.

"Kin yi mani abin da ba wanda ya taɓa yi mani, Zara'u. Na gani, raina ya yi sanyi. Amma ba gani ɗai na yi alkawari ba. Cewa na yi zan zo in gaya mata."

"Ki yi mata addu'a daga nan. Allah na ji ko'ina."

"Ina yi, ban taɓa hwashi ba. Addu'a daban, alkawari daban. Da bakina na ce zan zo."

"Ba ki kaiwa, Inna."

"Wataƙila. Amma in na hwaɗi bisa hanya, a hanyar cikawa na hwaɗi. In na mutu bisa gado, mi zan ce mata?"

Zara'u ta saki hannuwan tsohuwar. Duk hujjojin da ta tara tun kaka, na ƙafa da tsufa da 'yan fashin hanya, ba ɗaya da ya taɓa wannan maganar.

Sai ga sallama daga ƙofar gida, muryar namiji, baƙuwa.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Hajiya Hajjo? Madugu ya ce a gaya mata an soma ɗaura wa jakai kaya. Hadari ya sa ba mu jiran marece."

Tsohuwar ta dafa sandarta ta miƙe. Ta sake kallon fatar sau ɗaya, ta nufi ƙofar ɗakinta inda ƙunshin yake. Ta sunkuya za ta ɗauka.

Hannun Zara'u ya riga nata.

"Saki, Zara'u."

"Ba ni saki."

"Kada mu rabu da rigima."

"Ba rigima ba ce." Ta rungume ƙunshin a ƙirjinta. "Mi za ki gaya mata in kin je? Cewa na girma. Cewa kin riƙe amana. To wa ya hi ni iya hwaɗin wanga? Ke kin goyo ni daga can har nan. Kin yi naki, Inna. Zamna ki riƙe mani yarana. Ni zan je in tsaya bisa ruwan nan ta gan ni da kanta."

Sandar ta suɓuce daga hannun tsohuwar.

"Ke kin san abin da kike cewa? Shekaru ake yi."

"Na sani. Ke ma shekaru kinka yi."

Daga waje aka sake sallama, wannan karon da ɗan ƙosawa.

"Masu gida, mi zan ce ma madugu?"

Zara'u ta juya wajen mijinta. Jatau na tsaye tsakanin rumbu da zaure, ya kasa gaba ya kasa baya. Ta durƙusa a gabansa har ƙasa, ƙunshin na hannunta.

"Maigida, kai ake jira. Mi za ka ce mashi?"